Maganin da Ke Cikin Dirinkar Kajinka, Daga Ƙasa Ya Fito



A 'yan makonnin nan tambaya ɗaya ce ta fi yawa a saƙonnin da kuke turo min daga Bebeji, Kiru, Tudun Wada har Doguwa, kuma kusan lafazinta ɗaya ne: "Malam, maganin da na ba kajina bara ya yi aiki, bana na ba su har leda biyu amma shiru. Jabu ne ko me?" Wani lokacin jabun ne, babu musu. Amma sau da yawa maganin na gaske ne, ƙwayoyin cutar ne suka daina jin sa. Ba za a gane dalili ba sai an san inda maganin ya fito, da yadda ake haɗa shi, da abin da ke hana shi haɗuwa. Ni kasuwancin noma na karanta, don haka a ƙarshe kan aljihunka maganar za ta dawo. Rubutun yana da ɗan tsawo, a nemi wuri a zauna.

ƘAMSHIN RUWAN FARKO

Kowa ya san ƙamshin nan da ke tashi idan ruwan farko ya sauka a kan busasshiyar ƙasa. Mutanen Doguwa da na gefen dajin Falgore kan riga 'yan birni shaƙarsa, tunda damina ta fi saurin sauka a wajensu. To, wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke fitar da wannan ƙamshin. Bakteriya ne, daga wani dangi da masana ke kira Sitireftomaisis, sinadarin da ke ƙamshin kuma sunansa jiyosmin.

Da an ce bakteriya, abin da ke zuwa ran mutane cuta ce. Alhali mafi yawansu babu ruwansu da cuta. Bakteriya ne ke mayar da kalwa daddawa, su ne ke sa madara ta zama kindirmo. Cokali ɗaya na ƙasa mai taki yana ɗauke da ɗaruruwan miliyoyinsu, kowa na neman abinci, kowa na neman wurin zama. Inda aka cunkushe haka ai dole a yi faɗa, kuma makamin faɗan shi ne abin da muke saya a leda da kwalba muna kira antibayotik. Kusan kashi biyu cikin uku na magungunan antibayotik da aka samo daga halittu, wajen wannan dangin mai ƙamshin ƙasa da 'yan uwansa aka samo su.

Duba waɗanda ke shagon maganin dabbobi na garinku:

Sitireftomaisin: a 1943 wani ɗalibi mai suna Albert Schatz ya gano shi a ɗakin binciken Selman Waksman da ke Jami'ar Rutgers a Amurka. A wurare biyu ya samu bakteriyar da ke yin sa: ƙasar gona da ta sha taki, da kuma maƙogwaron wata kaza. Eh, kaza. Shi ne maganin farko da ya yi tasiri a kan tarin fuka.

Kulotetrasaikilin: Benjamin Duggar ya samo shi a 1945 daga ƙasar wata gonar gwaji a jihar Missouri, aka sayar da shi da sunan Aureomycin.

Oksitetrasaikilin, wanda muke taƙaitawa mu ce oksi: kamfanin Pfizer ya fito da shi a 1950 da sunan Terramycin. Farkon sunan ma ƙasa yake nufi a harshen Latin.

Niyomaisin: 1949, daga ɗakin binciken Waksman ɗin dai.

Tailosin, na murar kaji: daga ƙasar da aka ɗebo a Tailan.

Har aibamektin da ake yi wa awaki da shanu don tsutsar ciki da kaska, duk da shi ba antibayotik ba ne, asalinsa wata bakteriyar wannan dangin ce da Satoshi Omura ya samo a ƙasar Jafan.

Akwai waɗanda ba haka asalinsu yake ba. Fenisilin daga fumfuna aka same shi, su enrofuloksasin da magungunan salfa kuma haɗin ɗan Adam ne tun daga tushe. Amma galibin abin da muke zubawa a dirinka, aron makami ne daga ƙasa.

YADDA SUKE HAƊA SHI

Ka tuna yadda ake gyaran shinkafa a Tudun Wada. A jiƙa, a turara, a shanya, a kai inji, a sheƙe, a zuba a buhu. Kowane mataki da mai yin sa, kuma idan mai turarawa bai yi nasa ba, mai inji zaman banza zai yi.

Haka abin yake a cikin bakteriya. A cikin kundin gadonta akwai wani sashe da aka rubuta umarnin haɗa maganin, a jere wuri guda. Na oksi ya ƙunshi umarni kusan ashirin. Kowane umarni yana samar da ma'aikaci ɗaya, wanda masana ke kira inzayim. Rukunin farko na ma'aikatan suna ɗauko 'yan ƙananan guntaye da bakteriyar ta samu daga sukari da sitacin da ta ci, su riƙa ɗaura su ɗaya bayan ɗaya kamar mai shirya tsakiya a zare, har su yi doguwar sarƙa. Rukuni na biyu su lanƙwasa sarƙar su mayar da ita zobba huɗu a manne da juna. Daga nan sunan tetrasaikilin ya samo asali, wato mai zobe huɗu. Na ƙarshe su ne masu ƙarasawa, wannan ya liƙa wani abu nan, wancan ya cire wani can, sai makami ya kammala. Sannan akwai famfo a jikin bakteriyar da ke tura shi waje.

Idan ya fita ya tarar da maƙwabciya, sai ya shige cikinta ya maƙale a injin da take ƙera sinadaran gina jikinta da shi. Inji ya tsaya, girma ya tsaya, hayayyafa ta tsaya. Oksi, tailosin, niyomaisin, jentamaisin da sitireftomaisin duk wannan injin suke hari, kowa ta gefensa. Su fenisilin da amoksisilin kuwa katangar jikin bakteriya suke hana ginuwa.

Kamfanonin magani ba su canza wannan hanyar ba har yau. Bakteriyar suke zubawa a manyan tankunan ƙarfe, su ba ta abinci irin su sitacin masara da garin waken suya, su riƙa hura mata iska na kwanaki, sannan su tace maganin daga ruwan. Ka ga kenan kusan abincin buroila suke ba ta. Su ma kiwo suke yi, bambancin dai nasu dabbobin ba a ganin su.

BA KULLUM SUKE YIN SA BA

Nan ne darasin ya fara shafar mu. Haɗa wannan makami yana cin ƙarfi da abinci sosai, don haka bakteriya ba ta yin sa haka kawai. Muddin abinci na nan a wadace, girma kawai take yi, tana miƙa zarurruka cikin ƙasa kamar saiwa. Sai abinci ya fara ƙarewa, ta fara shirin fitar da iri, sannan take kunna masana'antar. Masana na ganin dalilin shi ne a lokacin wani sashe na jikinta yake narkewa don ciyar da irin, kuma ba ta so maƙwabta su zo su cinye.

Ko a lokacin ma sai an yi shawara. A bakteriyar da ke yin sitireftomaisin, kowace ƙwaya tana fitar da ɗan wani sinadari kaɗan, wanda masana suka laƙaba wa harafin A. Aikinsa kamar na mai shela ne. A ƙofar sashen umarnin akwai wani maigadi da ya datse hanya. Idan ƙwayoyin ba su da yawa, shelar ba ta da ƙarfi, maigadi ba ya motsi. Idan suka yi yawa, sinadarin ya taru, sai ya kama maigadin ya janye shi, kowa ya fara aiki a lokaci guda. Hikimar a bayyane take: ɗan kaɗan daga ƙwaya ɗaya ba zai kashe kowa ba, sai dai ya sanar da abokan gaba. Ana jira ne a yi taron dangi a buga da ƙarfi sau ɗaya.

Riƙe wannan, za mu dawo kansa: mai makamin da kansa ba ya fito da shi kullum, kuma idan zai fito da shi ba ya yin rabi da rabi.

YADDA AKE TOSHE MASANA'ANTAR

Tunda aikin mataki ne bayan mataki, kowane mataki wuri ne da za a iya datse shi.

Hanya ta farko ita ce ƙoshi. Idan aka cika wa bakteriyar sukari mai saurin narkewa irin gulukos, ko fosfet, ko amoniya, sai ta ɗauka duniya ta yi daɗi, babu dalilin faɗa. Za ta yi girma ta cika tanki, amma magani kaɗan za a samu. Shi ya sa kamfanoni ke ba ta abincin da ke narkewa a hankali, suna auna fosfet kamar mai auna gishiri a miya.

Ta biyu, rashin iska. Wannan dangin ba ya rayuwa sai da iska. Ƙasar da ruwa ya kwanta a kai, ko shimfiɗar da ta jiƙe ta dunƙule, ba wurinsu ba ne.

Ta uku, a kashe mai shela. Masana sun samu irin bakteriyar da ta rasa ikon yin sinadarin A. Duk sauran ma'aikatan suna nan lafiya, amma ko ɗigon magani ba ta yi. Da aka ɗiga mata sinadarin daga waje, sai aiki ya tashi.

Ta huɗu, a kama ma'aikaci ɗaya. Akwai wani sinadari mai suna seruleni da wata fumfuna ke fitarwa, wanda ke maƙalewa a jikin mai ɗaura sarƙar nan. Da ya kama shi, babu sarƙa, babu zobe, babu magani. Akwai kuma dabarar yaudara. Bakteriyar da ke yin kulotetrasaikilin tana buƙatar kuloraid, irin wanda ke cikin gishirin girki, don matakin ƙarshe. Idan aka zuba mata buromaid, wanda ya yi kama da shi, sai mai aikin ya rikice, a ƙare da tetrasaikilin zalla.

Wani zai ce to ina ruwan mai kaji ɗari biyu a Kiru da wannan? Ruwansa biyu ne. Na farko garkuwa, na biyu masana'antun kyauta da ke gonarsa.

MAI MAKAMI YANA DA GARKUWA

Tambaya: me ya sa maganin ba ya kashe wadda ta haɗa shi? Saboda a cikin wannan sashen umarnin, dab da na haɗa makami, akwai na kariya. Mai yin oksi tana da famfon da ke fitar da shi da sauri, tana kuma da wani ma'aikaci da ke ɓamɓare shi daga injinta idan ya maƙale. Mai yin sitireftomaisin tana liƙa masa wani abu da ke kashe kaifinsa muddin yana cikinta. Mai yin tailosin kuwa siffar injinta take ɗan canzawa yadda ba zai samu wurin kamawa ba.

Ma'ana, garkuwar ta daɗe kamar yadda makamin ya daɗe. A 2011 masana a Kanada sun ba da rahoton samun umarnin kariya daga tetrasaikilin a cikin daskararriyar ƙasa mai shekara dubu 30. Sannan bakteriya suna da wata ɗabi'a da dabbobi ba su da ita: suna miƙa wa juna guntun umarni, ko da ba dangi ɗaya ba ne, kamar yadda muke tura wa juna hoto a waya.

Yanzu ka kalli ɗakin kajinka. A hanjin kowace kaza akwai biliyoyin bakteriya, 'yan kaɗan a ciki suna da garkuwa. Ka zuba oksi kaɗan a ruwa kullum, "don rigakafi". Marasa garkuwa su mutu, masu garkuwa su samu fili da abinci su hayayyafa, kuma wasu bakteriyar cikin minti ashirin suke ninkuwa. Bayan 'yan kwanaki su ne masu gida. Ranar da cuta ta gaske ta shigo, ka ɗauko wannan maganin, shiru. Ga amsar tambayar da muka fara da ita.

An gwada wannan a fili. Likita Stuart Levy ya yi gwaji a wata gona kusa da birnin Boston, aka wallafa a 1976. An ba wasu kaji abinci mai oksi. Cikin mako guda kusan duk bakteriyar hanjinsu da aka auna ta daina jin maganin. Bayan wata biyar zuwa shida sai ga irin wannan ya ƙaru a cikin mutanen gidan gonar, waɗanda ba su sha maganin ba, fiye da maƙwabtansu.

Ita al'adar zuba magani a abincin kaji ma tana da tarihi. A ƙarshen shekarun 1940 Thomas Jukes da abokin aikinsa Robert Stokstad suka ba 'yan tsaki tukar da ta rage a tankin Aureomycin, suka ga sun fi saurin girma. Daga nan duniya ta ɗauka. Da illar ta bayyana, Suwidin ta hana ba da antibayotik don ƙiba a 1986, Tarayyar Turai ta bi a 2006. Amurka ta hana ba kaji enrofuloksasin a 2005, saboda ɗan uwan sifurofuloksasin ne, wato sifuro ɗin nan da ake rubuta wa mai taifod. A 2015 aka gano a ƙasar Sin wata garkuwa daga kolistin mai yawo tsakanin bakteriya, kuma kolistin na cikin magungunan ƙarshe da likita ke komawa gare su idan komai ya ƙi. Amma mu a nan yana cikin ledojin da ake ba 'yan tsakin kwana ɗaya.

Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yankin Afirka ta Yamma ne kan gaba. Mu kenan.

MASANA'ANTUN KYAUTA DA KE GONARKA

Na farko, hanjin kaza. A ciki akwai bakteriya masu amfani irin na kindirmo, da ke fitar da tsami da ƙananan makamai nasu, suna hana masu cuta samun wurin zama. A 1973 masana a Finlan, ƙarƙashin Esko Nurmi, suka nuna cewa idan aka ba ɗan tsakon da aka ƙyanƙyashe a inji bakteriyar hanjin lafiyayyar babbar kaza, Salmonela ba ta samun sauƙin kama shi. Tsakon gida yana samun wannan daga uwarsa, na inji ba ya samu. Daga wannan tunanin aka samar da furobayotik da ake sayarwa, wato bakteriya masu amfani a leda, kuma da yawansu irin bakteriyar daddawa ce a ciki. To ka ga wanda ya zuba furobayotik da antibayotik a dirinka ɗaya, ya ɗauki ma'aikata ne ya haɗa su da mai kashe su, kuma da kuɗinsa ya sayi duka biyun.

Matan Fulani masu sayar da nono sun san irin wannan. Madarar saniyar da aka yi wa allurar antibayotik kwanan nan ba ta kwanciya yadda ya kamata, saboda ragowar maganin ya kashe masu yin aikin.

Na biyu, shimfiɗa da juji. Buntun shinkafa ko ɗiddigar katako da ke bushe, iska na ratsa su, wuri ne da masu amfani ke zama. Da dirinka ta fara yoyo, shimfiɗa ta jiƙe, warin amoniya ya tashi, ka haɗa hanyoyin toshewa biyu da muka ambata, rashin iska da yawan amoniya. Amoniyar kuma tana ƙona hanyar numfashin kaza, ta buɗe wa mura ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan ka tara kashin kaji ka juya shi yana ɗaukar zafi, farin abin nan kamar toka da kake gani a ciki, 'yan uwan Sitireftomaisis ne ke aiki.

Na uku, ruwan kifi. Tarwaɗa tana fitar da amoniya, kuma akwai bakteriya a bangon tanki, da laka, da matatar ruwa, masu mayar da ita abin da ba ya cutarwa sosai. Idan ka ga kifi na shawagi a sama ko ya yi gyambo, ka kwarara magani a ruwa ba tare da ka duba ruwan ba, kana iya raunana waɗannan ma'aikatan, amoniya ta ƙaru, mutuwa ta ƙaru, kai kuma ka ƙara magani. Bakteriyar da ke sa wa tarwaɗa gyambo kusan kullum tana cikin ruwa, sai kifin ya galabaita saboda cunkoso ko ƙazamin ruwa ko ragowar abinci take samun galaba.

Af, ɗanɗanon laka da masu saye ke kuka da shi a kifin kududdufi, jiyosmin ɗin nan ne na ruwan farko, daga wannan dangin da kuma wani nau'in gansakuka. Ba ya buƙatar magani. Ka mayar da kifin ruwa mai tsabta na 'yan kwanaki ba abinci, kana canza ruwan, zai ragu.

Sannan a tuna inda ruwan ke zuwa. Kaso mai yawa na oksi yana fita a kashi da ƙarfinsa. Kashin kajinmu manoman masara da na lambu ke saya. Masu kiwon kifi a kewayen Tiga da Bagauda kuma su sani, dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ruwansa ne ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura, yana kuma cikin ruwan da birnin Kano ke sha. Abin da ka zubar bayan gidan gona ba a nan yake tsayawa ba.

MAGANIN GASKE MA YANA TOSHEWA A DIRINKA

Ko da ƙwayar cutar tana jin magani, akwai abubuwan da ke kama shi kafin ya isa jini. Oksi da danginsa, har da enrofuloksasin, suna manne wa kalsiyam da ƙarfe da magniziyam, idan suka manne kuma hanji ba ya iya tsotse su sosai. Don haka ruwan da ke barin ja a bokiti ko farin ɓawo a butar shayi, da mazubi mai tsatsa, da haɗa su da madara ko garin ma'adinai a lokaci guda, duk suna rage musu ƙarfi. Madarar gari da ake sawa a ruwan rigakafi tana da amfaninta a can, amma ba a nan ba. Abincin kajin ƙwai ma cike yake da kalsiyam, shi ya sa likita kan duba wannan kafin ya zaɓa musu magani. Rana da zafi suna lalata oksi, don haka wanda aka dama da safe ba a barin sa ya kwana.

Akwai kuma inda maganin ba shi da abin kamawa tun farko. Niyukasil da wasu ke kira fakat, da Gumboro, da ƙurajen kaji, da murar tsuntsaye, duk bairos ne ke kawo su. Bairos ba shi da katanga, ba shi da injin da antibayotik ke hari. Ko buhu ka zuba ba zai taɓa shi ba, rigakafi ne kawai, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato ta daɗe tana yin na Niyukasil da Gumboro. Kashin jini na koksi wata halitta ce daban, da nata maganin irin su amfuroliyam. Ƙwayar da ke kawo murar kaji mai daɗewa ba ta da katanga, don haka amoksisilin ba ya yi mata komai, sai su tailosin.

TO MENE NE ABIN YI?

1. Kafin ka sayi 'yan tsaki, ka karɓi jadawalin rigakafi daga likitan dabbobi, ka ware kuɗinsa tare da na abinci. Ranar rigakafi kada a yi amfani da ruwa mai kulorin.

2. Shimfiɗa a bushe, iska na shiga, ba cunkoso. Baƙo ba ya shiga ɗakin kaji, kazar da aka sayo daga kasuwa irin ta Kwanar Dangora kuma a ware ta mako biyu kafin ta haɗu da na gida.

3. Idan kaza ta mutu, ka kai gawar wa likita ya buɗe tun ba ta lalace ba. Kuɗin dubawa bai kai na leda uku da za ka saya da ka ba.

4. Idan an tabbatar cutar ta bakteriya ce, ka yi yadda mai makamin ke yi: cikakken awo, cikakkun kwanakin da aka rubuta, sannan ka tsaya. Kada ka rage don kaji sun fara cin abinci, kada ka ci gaba don "ƙarin tsaro".

5. Karanta bayan leda. Da yawa suna ɗauke da magani uku ko huɗu a haɗe, wasu ma an rubuta bitamin da manyan baƙaƙe, antibayotik da ƙanana. Idan bitamin kake so, sayi bitamin zalla.

6. Furobayotik bayan an gama magani ake ba da shi.

7. Kiyaye kwanakin jira da aka rubuta kafin yanka ko sayar da ƙwai. Dafuwa ba ta kawar da ragowar magani gaba ɗaya, kuma 'ya'yanka ne farkon masu ci.

8. Mai kifi, idan ka ga alamar ciwo, fara da tsayar da abinci, canza ruwa, rage cunkoso. Magani sai da shawarar masani, kuma ruwan da aka sa wa magani ba a sakin sa a rafi ko magudanar ban ruwa.

9. Sayi littafi ka riƙa rubutawa: wane magani, wace rana, nawa ka kashe, kaji nawa suka mutu. Bayan zagaye biyu ka kwatanta. Mai kiwon da ke da wannan littafin ba a sayar masa da abin da ba ya buƙata.

A lissafin kasuwanci, maganin da har yanzu yake ci a gonarka jari ne, kamar rijiyar burtsatse ko janareto. Duk ranar da ka zuba shi ba dalili, ka ci daga uwar kuɗi, kuma idan ya daina ci, wanda za ka koma wa ya fi tsada, in ma akwai shi a garin.

Wanda ke da ledar maganin da bai gane abin da ke ciki ba, ya ɗauki hoton bayanta ya ajiye a ƙasan wannan rubutu, tare da shekarun kajin da alamun da ya gani, za mu karanta ta tare. A tura wa wanda ke shirin zuba 'yan tsaki a wannan watan. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu yi magana kan jadawalin rigakafin buroila daga kwana ɗaya zuwa sayarwa.

Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya tsare mana dukiya da lafiyar iyali.